Sun Zo Shan Iska, Sun Toshe Ƙofar Gida: Rikicin Fakin a Unguwannin Bakin Teku

 Waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau maganar fakin za mu yi, wato ajiye mota. Na san wani zai ce haba, duk matsalolin duniyar nan a rasa abin tattaunawa sai fakin? To ɗan'uwa ka ɗan saurara tukuna. Akwai garuruwan da mota ɗaya da aka ajiye a karkace ta isa ta hana motar asibiti kaiwa ga mara lafiya, kuma mutanen da ke zaune a irin waɗannan wurare duk shekara sai sun sha wannan wahala ta wata uku ko huɗu. Ina maganar unguwannin bakin teku ne, inda baƙi ke tururuwa shan iska da zarar rana ta buɗe. Tambayar yau ita ce, in kai ne mai gida a irin wannan unguwa, ya za ka yi da baƙon da ya toshe maka ƙofa ya tafi wanka a teku? In kuma kai ne baƙon, me ya hau kanka?

Mu tafi kudancin Ingila, wani gari da ake kira Bournemouth a yankin Dorset. Tafiyar kamar awa 2 ce daga Landan a jirgin ƙasa. Garin na da rairayin bakin teku mai tsawon kusan mil 7, kuma tun 2019 ƙaramar hukuma ɗaya ce ke kula da shi tare da maƙwabtansa biyu, Poole da Christchurch, mutane wajen 400,000 gaba ɗaya. Da hunturu garin shiru yake, titunan unguwa sun ishi masu su. Da bazararsu ta kama, daga watan Yuni zuwa Agusta, sai labari ya sha bamban.

Ranar da ta fi fito da matsalar fili ita ce Alhamis, 25 ga Yuni, 2020. Kun tuna lokacin korona ne. An ɗan sassauta kulle, amma otal-otal da gidajen cin abinci ba su buɗe ba sai 4 ga Yuli, fita ƙasashen waje kuma ta yi wuya. Sai ga zafi ya zo, ma'auni ya haura digiri 33 a wasu sassan ƙasar. Mu dai 33 ba wani abu ba ne, amma a wurinsu gagarumin zafi ne. Kowa ya zari mukullin mota ya nufi teku. Ɗan majalisar yankin a lokacin, Tobias Ellwood, ya ce kusan mutum rabin miliyan ne suka kwararo Dorset. Wuraren ajiye motoci suka cika, mutane suka shiga zuba motoci a duk inda ido ya ga fili: kan ciyawar gefen titi, kan dakalin masu tafiya a ƙasa, bakin ƙofofin gidajen mutane, har kan shataletale. Titi ya cushe har tsakar dare. Ƙaramar hukumar, ƙarƙashin shugabarta ta wancan lokacin Vikki Slade, ta ayyana yanayin babban lamari na gaggawa, irin wanda ake ayyanawa in ambaliya ko gobara ta fi ƙarfin ma'aikata. Ta ce ma'aikatanta sun rubuta takardun tara 558 na fakin ba bisa ƙa'ida ba, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba, kuma an kwashe shara tan 33 daga gaɓar tekun da safiyar ranar.

Mu da ke kallo daga nesa, hoton cunkoso kawai muka gani. Mazauna wurin kuwa abin a jikinsu yake. Ka ɗauki ma'aikaciyar jinya da za ta fita aikin dare, ta fito ta tarar an tokare mata ƙofa, mai motar yana can cikin dubban mutane a rairayi, ba lambarsa, ba sunansa. Ko tsohon da ke kan keken guragu, ko uwa mai tura jariri a keke: in mota ta haye dakalin masu tafiya a ƙasa, dole su sauka tsakiyar titi su yi gogayya da motoci. Motar kashe gobara faɗinta ya kai mita 2.5, in aka jera motoci hagu da dama a siririn titi, ba ta da ta inda za ta bi. Akwai wata unguwa a Poole mai suna Sandbanks, wani siririn tsiri ne da ya kutsa cikin ruwa, titi ɗaya tak ke shiga cikinta ta ƙasa. In wannan titin ya toshe, duk wanda ke ciki ya maƙale. Sannan a Poole ɗin ne hedikwatar RNLI take, ƙungiyar masu ceton rai a teku da aka kafa tun 1824. Yawancin masu shiga jiragen ceton nata 'yan sa kai ne, suna gidajensu ko wuraren aikinsu ake kiransu, su garzayo tasha. Kun ga kenan wanda ya toshe titi a garin bakin teku, yana iya jinkirta wanda zai ceto ɗansa daga ruwa.

To me ke sa mutum mai hankalinsa ya yi irin wannan fakin? Amsa mai sauƙi ita ce rashin tarbiyya, kuma akwai masu wannan halin, ba musu. Amma akwai lissafi a ciki, kuma lissafin nan shi ne zuciyar maganarmu ta yau. A Ingila, in ka fita daga Landan, tara mafi tsada ta fakin ba daidai ba fam 70 ce, ƙaramar kuma fam 50. In ka biya cikin kwana 14, rabi za ka biya. Wato fam 35. Wannan adadin tun 2008 yake, shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, alhali komai ya yi tsada. Yanzu ku zo mu buga. Abokai biyar sun cika mota daga Landan ko Birmingham, sun yi tafiyar awa uku cikin zafi, sun iso wurin ajiye motoci ya cika. Mu ɗauka ma akwai wuri, kuma kuɗin wuni fam 20 ne, amma sai sun yi tafiyar minti ashirin a ƙasa ɗauke da kula da tabarma da lema. Ko kuma su ajiye ta nan bakin ƙofar wani, dab da ruwa, in an kama su fam 35, kowa ya kawo fam 7. In ba a kama su ba, sun ci bulus. A idonsu tarar nan ta zama kuɗin fakin na alfarma kawai. Muddin saɓa doka ya fi bin doka arha da sauƙi, to zagi da harara ba za su canza komai ba, don gobe wasu baƙin ne za su zo, waɗanda ba su ji zagin jiya ba.

Yanzu mu koma gefen mai gida. Abu na farko da ya kamata ya haɗiye, duk da ɗacinsa: titin da ke gaban gidanka ba naka ba ne. A dokar Ingila, in ba a sa wata alamar hani ba, kowa na iya ajiye motarsa a gaban gidanka, ko daga wane gari ya zo, in dai motar na da takardunta. Ba ka da wani haƙƙi na musamman a kan wurin. Abin da doka ta kare maka shi ne hanyar shiga da fita. Kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya, a ƙa'ida ta 243, ya hana tsayawa a gaban mashigar gida. Sannan dokar kula da zirga-zirga ta 2004 ta ba ƙananan hukumomi ikon cin tarar wanda ya yi fakin a inda aka sassauke dakalin titi don mota ta shiga gida ko keken guragu ya sauka. Don haka in an tare maka wannan wurin, ƙaramar hukuma za ka kira. In an rufe ka ruf ba ka iya fita da motarka, ko motar ta zama haɗari ga jama'a, to 'yan sanda na iya shiga, ta lambar 101 da aka ware don abin da ba na gaggawa ba.

Wani abin mamaki kuma, in baƙon ya shigo da motarsa har cikin farfajiyar gidanka ya ajiye, a nan ne hannun hukuma ya fi gajarta. Tunda ba a kan titin gwamnati take ba, ma'aikatan fakin ba su da hurumi, 'yan sanda kuma galibi za su ce maka wannan shiga gonar wani ce, maganar kotun farar hula ce tsakaninku.

A nan ne fa zuciya ke ɗebo mutum. Wani ya sace iskar taya, wani ya karce fenti da mukulli, wani ya kawo tasa motar ya datse ta baƙon don ya ɗanɗana. Jama'a, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Lalata motar wani laifi ne a ƙarƙashin dokar ɓarnata dukiya ta 1971, ko da a ƙofarka ka same ta. Ɗaure tayar mota da ƙarfe a filin da ba na gwamnati ba, an haramta wa mutane yin sa a Ingila da Wales tun watan Oktoban 2012. Ga kyamara a ko'ina yanzu, a motoci da ƙofofin gidaje da wayoyin mutane. Sai ka wayi gari wanda ya zalunce ka ya biya fam 35 ya koma garinsu, kai kana zarya ofishin 'yan sanda.

Akwai kuma dabarar da aka fi yi, ta jera kwandon shara ko robobin nan masu tsini na aikin titi a gaban gida don a kama wuri. Ita ma doka ba ta yarda da ita ba, don dokar manyan hanyoyi ta 1980 ta hana tare hanya ba da izini ba. Kuma ko an kau da kai, me ta gyara? Motar da ka kora ta koma ƙofar maƙwabcinka ne. Shi ma gobe ya fito da nasa kwandon. Kafin ka ankara rigimar ta tashi daga kan baƙi ta koma tsakanin maƙwabta, waɗanda za su ci gaba da ganin juna bayan baƙin sun watse.

To me ke aiki? Matakin farko ƙarami ne: in mai motar na nan, a yi masa magana da lalama. Da yawa ba su lura da cewa mashigar gida ce ba, musamman wanda ya iso a gajiye yara na kuka a baya. Sallama da nuna masa inda wurin fakin yake sun fi ihu saurin tada mota. In ka ga alamar a buge yake ko yana neman faɗa, ka ja jikinka, kada ka tsaya musu. Ka ɗauki hoton motar da lambarta da inda ta tsaya, ka rubuta rana da lokaci, ka tura wa hukuma.

Kuma wannan rubutawar ita ce makamin gaske, in aka yi ta tare. Ƙorafin mutum ɗaya, ana iya cewa mai mita ne. Amma in gida talatin a layi ɗaya suka tara hotuna na wata biyu, suka nuna wace kwana ce ake toshewa, wace rana, ƙarfe nawa, suka kai wa kansilansu, to magana ta fara nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dalili shi ne ma'aikatan fakin ba za su iya cin tarar kowa ba sai inda akwai dokar da aka karya. Kafin a zana layi biyu masu ruwan ɗorawa a bakin kwana, waɗanda ke nufin ba a fakin a nan dare da rana, sai hukuma ta fitar da umarni a rubuce, ta sanar da jama'a, ta ba da aƙalla kwana 21 don masu ƙin amincewa su yi magana. Abin na ɗaukar watanni. Wanda ke son sauƙi a watan Yuli, tun hunturu zai fara bin takarda.

Haka maganar hawa dakalin masu tafiya a ƙasa. A Landan an hana tun 1974. A Sikotilan an kafa dokar hanawa a ƙasar baki ɗaya, birnin Edinburgh ya fara cin tarar fam 100 a watan Janairun 2024. A sauran Ingila kuwa gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a a 2020, shekaru suka shuɗe ba a kafa doka ta bai ɗaya ba. Shi ya sa unguwa ke buƙatar ta nemi nata umarnin na titi-titi.

Wata hanyar ita ce a keɓe titunan unguwa ga mazauna, kowa ya karɓi takardar izini, baƙo kuma ya biya ko a iyakance masa awa. Tana aiki, amma tana da nata ciwon kai. Takardar da kuɗi ake saye duk shekara, kuma mutane da yawa na jin haushin biyan kuɗi don ajiye mota a ƙofar gidansu. Ga 'yan uwa masu kawo ziyara, ga masu zuwa kula da tsofaffi a gida, duk sai an yi musu tanadi. Sannan inda iyakar yankin ta tsaya, titi na gaba shi zai kwashi motocin. Masu shaguna da masu sayar da abinci su ma suna da bakin magana, don cinikin wata ukun nan ne ke riƙe su har shekara ta zagayo. Garin yawon buɗe ido ba zai kori baƙi ba, da su yake ci.

Saboda haka dole a koma kan lissafin nan na fam 7. Hukumar Bournemouth ta daɗe tana roƙon gwamnatin tsakiya ta bar ta ta ƙara tara, don ba ta da ikon ƙarawa da kanta. A watan Agustan 2025 aka ba ta damar gwaji na wata ɗaya a titunan da ke kusa da gaɓar teku, aka ɗaga babbar tarar daga fam 70 zuwa fam 160, daidai da ta Landan. Ta kuma riga ta fara amfani da janwe tana ɗauke motocin da suka tare hanya, kuma wanda ya fito daga ruwa da yamma ya tarar ba mota, zai daɗe bai manta ba. Tun bazarar 2020 ta fitar da wata manhajar waya mai suna Beach Check, mai nuna wane ɓangaren rairayi ne ya cika da launin ja, wanne ke da sauƙi da launin kore, don mutum ya san inda zai nufa tun kafin ya iso.

Amma tara kaɗai ba ta isa, sai an ba baƙo inda zai sa motar. A nan wani ƙaramin gari ya ba da misali, St Ives, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila a yankin Cornwall. Tsohon garin masunta ne, lungunansa tun kafin zuwan mota aka gina su. A 2019 aka buɗe babban wurin ajiye motoci a tashar jirgin ƙasa ta St Erth, 'yan mil kaɗan kafin garin. Ka bar motarka a can, ka hau jirgi, cikin kamar kwata ɗin awa ka sauka dab da rairayi. Ba a hana kowa zuwa ba, motar ce kawai aka tsayar a waje. Wasu mazauna garuruwan bakin teku kuma sun mayar da abin sana'a, suna ba da hayar farfajiyar gidansu na wuni ta manhajoji irin su JustPark. Baƙo ya samu wuri na halal, mai gida ya samu na cefane.

Wani malamin jami'a a Amurka, Donald Shoup na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya ƙarar da rayuwarsa kan nazarin fakin, ya fitar da babban littafi a kai a 2005. Shawararsa biyu sun dace da maganarmu. Ta farko, a sa kuɗin fakin daidai yadda a kowane layi za a riƙa samun gurbi ɗaya ko biyu a buɗe, don mutane su daina zagaye suna nema har su gaji su yi fakin ɗin ganganci. Ta biyu, kuɗin da aka tara a mayar da shi unguwar da aka tara shi, a gyara fitilu da dakali, a share titi. An yi haka a tsohuwar unguwar kasuwanci ta garin Pasadena tun 1993, kuma 'yan kasuwar da suka ƙi abin da farko sun amince ne da aka yi musu alkawarin kuɗin a unguwarsu zai tsaya. In mai gida ya san motar baƙon nan ce ke biyan kuɗin sharar da ake kwashewa a layinsu, kallon da zai yi mata daban ne.

Saura mu, baƙin. Cikin masu bin wannan shafi akwai ɗalibai da ma'aikata a Ingila da kan haɗa mota su tafi teku in an samu hutu, akwai kuma na Legas da Accra da kan yi haka da sallah ko ƙarshen shekara. Shawarar ɗaya ce. Ku nemi wurin fakin tun kafin ku tashi, ku sa kuɗinsa cikin kuɗin tafiya kamar yadda kuke sa na mai. Ku yi sammako, don wanda ya iso da azahar ranar zafi ya riga ya makara. In jirgi ko bas na zuwa wurin, ku bar motar a gida. In kun iso ya cika, ku ƙara gaba ku taka da ƙafa, tafiyar minti goma sha biyar ba ta kashe kowa. Kafin ka kulle mota ka juya, ka tsaya ka duba: mai gidan nan zai iya fita? Keken guragu zai wuce? Motar kashe gobara za ta bi? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ka sake shiga ka tada. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Kai da yamma za ka kama hanya, su kuwa nan za su kwana, gobe kuma wasu dubban za su sake zuwa musu.

Nan za mu dakata a shirin yau. Ku faɗa mana ra'ayinku a ƙasa: in kai ne mai gidan, za ka yarda ka riƙa biyan kuɗin izini duk shekara don a keɓe muku layinku, ko kuwa ka ga baƙi ne kaɗai ya kamata su biya? Ku tura wa abokin nan naku da kuka san shi da fakin a ƙofar mutane, ba sai kun ce masa komai ba.